Wayoyin lantarki da sankarar jinin yara: abin da ƙa'ida ta ce

Wani saƙo na yawo a wayoyi wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa zama kusa da manyan wayoyin lantarki na sa wa yara sankarar jini. Hankalin iyaye ya tashi, kuma ba na ganin laifinsu. Sai dai ba haka hukumar ta faɗa ba.

Duk wayar da wuta ke gudu a cikinta tana fitar da ƙarfin maganaɗisu, ana auna shi da mikrotesla. Hukumar ICNIRP, ta masana kare mutane daga irin wannan ƙarfi, wadda ƙasashe da dama ke bin shawararta, ta sa wa jama'a iyaka, babba da yaro, mikrotesla 100 a 1998, sannan ta mayar da ita 200 a 2010. Ma'aikatan lantarki nasu mizanin daban. A yawancin gidaje kuwa, matsakaicin abin da ake samu bai cika wuce 0.1 ba.

Inda ake ruɗewa shi ne lambar 0.4. A shekarar 2000 an haɗa binciken ƙasashe da dama, aka ga yaran da ke zaune a gidajen da matsakaicin maganaɗisunsu ya kai 0.3 zuwa 0.4 sun fi sauran kamuwa da sankarar jini, kusan ninki biyu. Irin waɗannan gidaje kaɗan ne ƙwarai, cutar ma ba ta da yawa. Dalilin haka ne hukumar IARC, reshen Hukumar Lafiya ta Duniya mai binciken sankara, ta sa maganaɗisun a rukunin 2B a 2002. Ma'anar 2B ita ce "mai yiwuwa ya sa sankara": akwai 'yar alama a mutane, gwajin dabbobi bai gaskata ta ba, kuma ba a gano hanyar da ƙarfi kaɗan haka zai lalata ƙwayar halitta ba. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hujjar ba ta kai a ce maganaɗisun ne sanadi ba, amma ta ba da shawarar a rage shi inda ba zai ci kuɗi sosai ba.

Don haka 0.4 ba iyakar doka ba ce. Ita kuma 200 an sa ta ne don hana ƙarfin taɓa jijiyoyi nan take, ba ta magana a kan zaman shekaru. A ganina nan ne ƙa'idar ta bar iyaye da tambaya a baki.

Ƙasar Holan ta kyauta a 2005, da ta shawarci hukumominta kada a gina sababbin gidaje ko makarantu inda manyan wayoyi za su kai yara sama da 0.4.

A cikin gida, bango ba ya tare maganaɗisu, nisa ne ke rage shi, kuma da sauri. Idan gadon yaro na jingine da bangon da mita ko taransifoma ke bayansa, a matsar da shi ɗaya gefen ɗakin.