Ruwan ƙazanta ma sai da iska

Salamu alaikum 'yan uwa na Damagaram. Shekaranjiya muna zagayen wayar da kai cikin unguwa wata baiwar Allah ta tare ni tace malam, me yasa ruwan da ya kwanta ƙofar gidana ke warin ruɓaɓɓen ƙwai amma wanda ke gudu bai kai shi ba? Nace hajiya ruwan naki ne ya shaƙe, iska ya rasa. Tayi dariya ta ɗauka wasa nake.

To ba wasa bane. Cikin ruwan ƙazanta akwai ƙwayoyin bakteriya da ido baya gani, su ke cinye dattin. Masu aiki da oksijin, wato sinadarin da muke shaƙa cikin iska, suna ci da sauri kuma ba wari sosai, amma da oksijin ɗin ya ƙare sai wasu su amshi aikin, waɗannan su ke sakin iskar nan mai ɗoyi, ruwan ya koma baƙi ƙirin.

Tun 1914 wasu masana biyu a Mancesta ta Ingila, Ardern da Lockett, suka nuna in ana hura iska cikin ruwan kuma ana maido da laka mai ƙwayoyin, aikin makonni sai ya koma na awoyi. Manyan tashoshin tace ruwan birane har yau a kan wannan suke. Sai dai da yawa injinansu sun tsufa, irin manyan farfelar nan masu kaɗa saman ruwa kamar ana burga miya da maburgi, ga cin kuran kamar me, don hura iskar nan kaɗai kan lashe kusan rabin wutar tasha ko fiye. Shi yasa yanzu ake cire su ana shimfiɗa fayafayan roba masu ƙananan huji a gindin kwarmin, kumfa ƙanana ƙanana na tasowa a hankali, kafin su kai sama ruwan ya sha iskar sosai. Ana haɗawa da na'urar awo, in oksijin ya kai wajen miligram 2 a lita sai inji ya sassauta da kansa.

Ni dai a ganina ba wannan ne zai fi dacewa da mu ba yanzu. Kun san halin kuran, injin in ya tsaya awoyi ƙwayoyin sun fara shaƙewa, ga ƙurar hunturu mai toshe matata, ga zafi, don ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin wajen miligram 9 a lita, a digiri 30 kuwa bai wuce 7 da rabi ba. Tapkunan tacewa marasa zurfi sun fi mana sauƙi, mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, gansakuka da hasken rana su ke ba da oksijin kyauta, rana kuwa Allah ya hore mana. Fili kawai suke so da mai kula.

Kafin nan dan Allah a daina zuba baƙin man inji cikin kwata da tapki, yana shimfiɗuwa saman ruwa ya rufe shi ruf. Leda ma haka. Masu antaya ruwan jabel da yawa cikin masai wai don wari, kuna kashe masu yi maku aikin ne.

Kuma dan ruwa ya daina wari ba shi ne ya tsarkaka ba fa, ƙwayar kwalara da taifot da ƙwan tsutsar ciki suna iya kasancewa ciki, kar a bar yara suyi wanka a tapki, salak da tumatir a wanke da ruwan pampo sosai.

Masu yashe masai ku ne na fi ji ma tsoro wlh. Iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai in tayi yawa hanci ma daina jin warin yake, mutum sai dai ya yanke jiki ya faɗi. A buɗe ramin ya sha iska tukun, kar kowa ya sauka shi kaɗai ko ba igiya a ƙugu, in wani ya faɗi a ciki a jawo shi da igiya, kar a bi shi.