Neman maƙala da kanka a laburaren likitanci: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da muka jera kwamfutoci a zauren karatu muka ce kowa ya riƙa nema da kansa, tambayoyi iri ɗaya nake amsawa kullum. Ga su a rubuce, kowa ya huta.

Wato yanzu kun daina nema mana maƙala ke nan?

Mun daina. Za mu koya maka, amma zamanin a ajiye mana 'yar takarda a ce "a nemo min komai a kan hawan jini kafin Alhamis" ya wuce.

Nawa ake biya a shiga PubMed?

Ko sisi. PubMed rumbun neman maƙalun likitanci ne a intanet, babban laburaren likitanci na gwamnatin Amurka ne ke gudanar da shi, kuma tun 1997 aka buɗe wa duniya kyauta.

To me ya sa na danna maƙala aka ce in biya dala?

Domin PubMed sunan maƙala da taƙaitaccen bayaninta yake ba ka, cikakken rubutun yana hannun masu mujalla. Duba PubMed Central tukuna, rumbun cikakkun maƙalu ne, can kyauta ne. In babu, shiga ta Hinari, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara a 2002 domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu karanta mujallun lafiya. Kalmar sirrin ta cibiya ce, ba taka ba. Don Allah likita, kada ka watsa ta a WhatsApp, in aka rufe mana kowa ne zai ji a jikinsa.

Manhajar nan mai hira ta ba ni jerin maƙalu cikin minti ɗaya. Ba shi ke nan ba?

Wani ɗalibi ya taɓa kawo min irin wannan jeri, fes da shi, har da shekara da lambar shafi. Muka zauna muna dubawa ɗaya bayan ɗaya, sai ga wasu ba a taɓa rubuta su ba a duniya. Mujallar gaskiya ce, maƙalar ce babu. Duk abin da ba ka buɗe ka gani da idonka ba, kada ya shiga aikinka.

Ta yaya zan san na nemo duk abin da aka rubuta?

Wannan ce tambayar kirki, kuma amsarta ba ta miƙe ba. A gaskiya ba za ka taɓa tabbatarwa ɗari bisa ɗari ba, sai dai ka rage abin da zai kuɓuce maka. Ya kuma danganta da abin da kake yi. In gabatarwar safiya ce a sashenku, maƙalu goma masu kyau da bita guda daga Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya tana tacewa, za su iya isarka. In kuwa bita ce ta ƙa'ida da za ka aika mujalla, to lissafi ya canza.

Ɗauki cutar noma, mai cin fuskar yara, ba noman gona ba. Wasu marubuta "noma" suke cewa, wasu, musamman na da, "cancrum oris". Ka rubuta ɗaya kawai, kana iya barin wasu a baya. Maganin wannan shi ne MeSH, kundin kalmomin da laburaren Amurkan nan ya tsara tun 1960, inda kowace cuta take da suna guda da ake liƙa wa maƙalunta. Amma kada ka jingina da shi kaɗai, domin ba kowace maƙala a PubMed aka liƙa mata ba. Haɗa kalmar MeSH da kalmomin da marubuta ke amfani da su, ka sa OR (wato "ko") a tsakaninsu. Sai bayan nan ka sa AND (wato "da") ka ƙara yara ko Sakkwato. NOT (wato "ban da") kuwa ni tsoronsa nake, yakan zubar da tsaba tare da ƙaiƙayi.

Sannan PubMed ba shi ne duniya ba. Mujallun Afirka da yawa ba sa cikinsa, sai ka leƙa African Journals Online da African Index Medicus. Aikin da aka yi a Nijar ko Chadi yana iya kasancewa da Faransanci, don haka kada ka yi gaggawar taƙaita nema ga Turanci.

Dabarar da nake bayarwa: ware maƙalu biyar da ka riga ka san suna kan batun. In neman da ka tsara ya kawo su duka, da alama kana kan hanya. In ya bar ɗaya, buɗe ta ka ga wace kalma ka rasa. Wannan ma ba hujja ba ce, alama ce kawai. Kuma rubuta kalmomin da ka sa da ranar da ka nema, masu tace mujalla za su tambaya.

Google Scholar fa?

Yana da kyau wajen gano wanda ya ambaci wata maƙala. Ba a gina bita a kansa shi kaɗai.

Ni fa na girma, kwamfutar nan ba ta shiga kaina.

Haba ranka ya daɗe. Kai da ka yi shekaru kana juya kundayen Index Medicus, jerin sunayen maƙalun likitanci na takarda, kafin a daina buga su a 2004? Wancan ya fi wuya nesa ba kusa ba. Zo ranar Laraba bayan azahar, lokacin zauren ba kowa, ka taho da batu guda da ke damunka, mu zauna.