Kwamfutar Gem da Sabar Gida: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Cire Kuɗi

Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin matasan da ke son haɗa kwamfutar buga gem, da waɗanda suka fara sha'awar ajiye 'yar saba a gida, wato kwamfutar da ke zama a kunne kullum tana ajiye kaya, domin hotuna, finafinai da takardun sana'a. Yawancin shawarwarin da ake kallo a YouTube na mutanen da wutarsu ba ta ƙiftawa ne, ɗakunansu kuma da sanyi. Mu kuwa dole lissafinmu ya faro daga wuta da zafi da ƙura.

Kwamfuta ɗaya ba za ta yi mini aikin gem da na saba gaba ɗaya ba?

Za ta yi, amma ba na ba ka shawarar haka. Kwamfutar gem dokin sukuwa ce, awa biyu ko uku take gudu da dukkan ƙarfinta sannan ta huta. Saba kuwa jakin kaya ce, tafiya a hankali dare da rana. Abin da ake nema a wurin ta farko ƙarfi ne, a wurin ta biyu kuwa ƙarancin shan wuta.

Ga lissafin. Na'urar da ke shan wat 100 ba tsayawa tana cinye kilowat-awa 876 a shekara. Wadda ke shan wat 10 kuwa kusan 88 kawai. A farashin naira 225 kowane kilowat-awa da aka ɗora wa 'yan Band A a Afrilun 2024, ta farko ta kai naira dubu 197, ta biyu ba ta cika dubu 20 ba. Idan da sola kake aiki abin ya fi fitowa fili: wat 100 na tsawon awa 12 na dare ya cinye rabin batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200, kuma rabin nan shi ne iya abin da ya kamata a zuƙa daga batirin dalma idan ana son ya daɗe. Babbar kwamfutar gem ko tana zaune ba ta komai tana iya shan wat 60 ko fiye, don haka barinta a kunne saboda ajiyar hotuna asara ce.

A kwamfutar gem, ina zan zuba mafi yawan kuɗina?

A katin hoto, wanda ake kira GPU. Amma kafin ka zaɓi kati, dubi monitarka da irin gem ɗin da kake bugawa. Mai monita 1080p da ke buga eFootball, EA Sports FC ko GTA V ba ya bukatar katin da ya fi matsakaici. Radeon RX 6600 mai giga 8, wanda ke shan kimanin wat 132, ya ishe shi har da rara. RTX 4060 ma giga 8 ne, kuma wat 115 kacal yake sha, abin da ya sa nake ganin ya dace da mai inbata. RTX 3060 na 2021 ya ɗan fi su shan wuta, wat 170, sai dai akwai mai giga 12, kuma sababbin gem masu nauyi sun fara matsa wa giga 8 lamba.

A can sama akwai irin su RTX 4090, wanda shi kaɗai yana iya jan wat 450. Sa shi a kan monita 1080p mai firem 60 a daƙiƙa, wato hoto 60 duk daƙiƙa, zubar da kuɗi ne, domin allon ba zai iya nuna abin da katin ke samarwa ba.

Gem ɗina yana kakkamewa. Ta yaya zan san abin da zan canja?

Kada ka sayi komai sai ka auna. Saka manhajar MSI Afterburner, ko ka buɗe Task Manager na Windows, ka buga gem ɗin kana kallon lambobin. Idan katin hoto yana kan kashi 97 zuwa 100 cikin ɗari, to shi ne ya kai maƙura, shi za a canja ko a rage kyan hoton. Idan yana kan kashi 60 amma gem na tsalle-tsalle, laifin firosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ko ƙarancin RAM, ma'ajin wucin gadi da take aiki da shi. Idan kuma komai na tafiya daidai da farko, sai bayan minti ashirin ya fara ja da baya, zafi ne, kuma maganinsa shara da sabon man sanyaya firosesa, ba sabon kaya ba.

Abubuwa biyu masu araha sukan canja tsohuwar kwamfuta fiye da zato. Na farko SSD a madadin faifai mai juyawa: na SATA yana kai mega 550 a daƙiƙa, na NVMe kuwa 3,500 zuwa 7,000. Ba zai ƙara maka firem ba, amma jiran buɗewa zai ragu ƙwarai. Na biyu RAM giga 16, kuma sanda biyu masu giga 8-8 maimakon ɗaya mai 16, domin firosesa ta riƙa ɗiba ta hanya biyu lokaci guda. Ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kunna zaɓin gudun RAM da ake kira XMP, ko EXPO a sababbin AMD, in ba haka ba RAM ɗin zai yi ta gudu ƙasa da abin da ka biya.

Mai shago ya ce mini Core i7 ce. Ai ta fi i3 ko?

Nan ne aka fi yi wa mutane sakiyar da ba ruwa, wani lokaci ma mai shagon da kansa bai sani ba. Sunan i7 kaɗai bai gaya maka komai ba sai ka ga lambar da ke biye. Core i7-2600 ta fito ne a 2011, tsara ta biyu. Core i3-12100 ta 2022, tsara ta 12, ta fi ta gudu nesa ba kusa ba. Kuma tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, tsarar ta ƙara muhimmanci, domin Windows 11 a hukumance yana neman sashen tsaro na TPM 2.0 da firosesar Intel daga tsara ta 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama.

Sai batun soket, wato gurbin da firosesa ke zama a madabod, babban farantin da ake jona duk kayan kwamfuta a kansa. Shi ne ke yanke hukuncin ko za ka iya haɓaka na'urarka gobe. AMD ta riƙe soket ɗin AM4 shekaru masu yawa, har wanda ya sayi Ryzen 5 1600 a 2017 ya iya cire ta ya sa Ryzen 5 5600, ko 5800X3D ta 2022 mai ma'ajin gaggawa mega 96, a kan madabod ɗinsa na da, muddin kamfanin madabod ɗin ya fitar da sabon BIOS. Ga mai ƙaramin ƙarfi har yanzu wannan hanya ce mai kyau. AM5 da ya fito a Satumban 2022 DDR5 kawai yake karɓa, don haka tsohon RAM ɗinka ba zai shiga ba. A ɓangaren Intel, LGA1700 yana ɗaukar tsara ta 12 da 13 da 14, kuma akwai madabod na DDR4 akwai na DDR5.

Gargaɗi guda: kada ka taɓa sabunta BIOS da wutar NEPA zalla. Idan aka ɗauke ta a tsakiyar aikin, madabod na iya mutuwa. Jira sai kana kan inbata ko UPS, ɗan akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta.

Ba zan iya rage kuɗi a kan fawa saflai, akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta, ba? Ai ba ya ƙara gudu.

Ba ya ƙara gudu, amma idan ya ƙone yana iya tafiya da katin hoto da madabod da faifanka a lokaci ɗaya. Wannan shi ne sashen da nake roƙon mutane kada su nemi araha a kansa, domin araha ba ta ado. Akwai masu rubutun wat 650 a jiki, ba nauyi a hannu, ba sunan kamfanin da aka sani, waɗanda ba sa iya ba da abin da aka rubuta. Nemi na kamfanonin da suka yi suna kamar Seasonic, Corsair ko Cooler Master. Tambarin 80 Plus yana nufin aƙalla kashi 80 na wutar da ya ja tana isa ga na'ura, saura ya zama zafi. Auna tsimin wuta yake yi, ba ingancin kayan ciki ba, amma rashinsa gaba ɗaya alama ce ta a yi hattara. Ga RTX 3060 ko 4060, Nvidia da kanta wat 550 ta ba da shawara.

Wutarmu kuma ba ta tsayawa a bolt 230 da aka tsara, ga sauyi daga NEPA zuwa janareta sau da yawa a yini. Sitabilaiza da abin kare tartsatsin wuta suna cikin kuɗin kwamfutar, ka lissafa su tun farko. Idan za ka sayi UPS ko inbata, nemi mai fitar da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, wadda masu sola ke kira fiya sayin, domin fawa saflai na zamani wani lokaci yakan kashe kansa a kan mai arahar.

Na ga Dell da HP na ofis 'yan gwanjo da arha. Zan iya sa musu kati in buga gem?

Za ka iya, da iyaka. Siraran OptiPlex da EliteDesk suna da ƙaramin fawa saflai, sau da yawa wat 180 zuwa 240, mai filogi na kamfanin kaɗai, kuma babban kati ba ya shiga akwatin. Ramin PCIe da ake soka katin hoto wat 75 yake bayarwa, don haka sai gajeren katin da ba ya neman ƙarin waya: GTX 1650, RX 6400 ko RTX 3050 mai giga 6. Ƙwallo da GTA V za su tafi lafiya. Daga nan kuwa hanyar haɓakawa ta toshe.

Katin hoto na hannu fa?

Bayan an daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katin hoto a Satumban 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana sun cika kasuwa, musamman RX 580. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji. Ko a Farm Centre ta Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, kada ka biya sai an jona katin a gabanka. Duba shi da manhajar GPU-Z don tabbatar da cewa sunan da ke kwali shi ne na ciki, sannan a matsa masa da FurMark ko gem mai nauyi na rabin awa. Ɗigo-ɗigo masu launi a allo, ko allo ya yi baƙi, ko fanka mai ƙara, mayar masa da kayansa. Faifai kuma CrystalDiskInfo zai nuna maka awowin da ya yi yana aiki.

To wace na'ura ce ta dace da sabar gida?

Ƙaramar da ba ka zata ba. 'Yan ƙananan kwamfutocin ofis irin su Lenovo ThinkCentre Tiny, Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini masu firosesa tsara ta 8 suna zama a kusan wat 10 idan aiki bai yi yawa ba, kuma ba ƙara. Sababbin masu Intel N100 na 2023 ma haka. Fa'idar Intel a nan ita ce Quick Sync, sashen sarrafa bidiyo da ke cikin firosesa, wanda ke ba manhajojin fim irin Jellyfin ko Plex damar tura fim zuwa wayoyin 'yan gida ba tare da katin hoto ba. Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, yana da kyau, sai dai in ka haɗa kuɗin caja da akwati da ma'aji, sau da yawa ƙaramar 'yar gwanjon ta fi shi riba.

Tsohuwar laftof ma kada ka raina ta. Batirinta UPS ne da aka ba ka kyauta, sai dai ka riƙa duba shi kada ya kumbura. Abin da nake hana mutane shi ne manyan sabobin kamfani irin Dell PowerEdge R710 da ake sayarwa da arha. An ƙera su ne don ɗaki mai na'urar sanyaya, suna shan wuta sama da wat 100, ƙarar fankarsu kuma ba za ta bar kowa ya yi barci ba.

Manhaja kuwa, Debian ko Ubuntu sun isa farawa, Proxmox idan kana son raba na'ura ɗaya gida-gida, TrueNAS idan ajiya ce babbar bukata. Ka kunna zaɓin da ke BIOS wanda ke sa na'ura ta tashi da kanta idan wuta ta dawo.

Idan na sa faifai biyu masu kwafin juna, kayana sun tsira?

Sun tsira daga mutuwar faifai ɗaya kawai. Idan ka goge hoto bisa kuskure, ya gogu a duka biyun. Tsawa ko ɓarawo kuma ba sa zaɓar ɗaya su bar ɗaya. Abin da ba za ka iya sake samu ba, kamar hotunan iyaye da takardun fili, ka riƙe kwafi uku, ɗaya a wani gida daban. Wajen sayen faifai mai juyawa nemi nau'in CMR, wanda ba ya ɗora layukan rubutu kan juna. Nau'in SMR yana jan ƙafa idan rubutu ya yi yawa, kuma a 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce da aka gano wasu WD Red SMR ne, har Western Digital ta ware na CMR da sunan Red Plus.

Zafin bazara da ƙurar hunturu fa?

A Afrilu, Kano da Sakkwato da Maiduguri sukan wuce digiri 40, kuma fanka ba ta iya sanyaya na'ura ƙasa da iskar ɗakin. Zaɓi akwati mai raga a gaba maimakon mai gilashi a rufe, ɗaga shi daga ƙasa, ka busa ƙurar da bulowa duk wata lokacin hunturu kana riƙe da fankokin kada su juya. Faifai mai juyawa ya fi son ƙasa da digiri 45.

Sabuwar kwamfuta za ta magance jinkiri a gem na intanet?

A'a. Wannan jinkirin tafiyar saƙo ne tsakaninka da sabar gem ɗin, wadda galibi tana Turai ko Afirka ta Kudu, kuma babu katin da zai rage nisan. Abin da ke hannunka shi ne ka bar Wi-Fi ka ja waya daga rauta zuwa kwamfuta, ka kuma dakatar da saukar da manyan kaya lokacin wasa. Masu saba kuma sukan tarar ba sa iya shiga ta daga waje, domin layukan waya sukan haɗa mutane da yawa a adireshin intanet ɗaya. Shirin Tailscale yana warware wannan: ka saka shi a saba da wayarka, ka shiga da asusu ɗaya, su ga juna duk inda kake.