Kafin ka rabu da tsohuwar kwamfuta: tambayoyi kan share bayanan sirri

Kwamfutar da ta daɗe a hannun mutum tana ɗauke da sirrinsa mai yawa: hotunan iyali, takardun banki, hoton fasfo, kalmomin sirrin da burauza ta adana. Ranar da za a sayar da ita, ko a bayar kyauta, ko a jefar, duk waɗannan suna iya bin ta zuwa hannun wani.

Na goge fayilolina, na kuma zubar da kwandon shara. Bai isa ba?

Bai isa ba ko kusa. Idan ka goge fayil, kwamfuta ba ta taɓa ainihin bayanan. Sunansa kawai take cirewa daga jerin da take dubawa don sanin inda kowane abu yake, sai ta ɗauki gurbinsa a matsayin fili. Kamar a yage shafin da ya jera babukan littafi ne, alhali babukan suna nan daram. Sau da yawa tsohon bayani ba ya ɓacewa sai an rubuta sabo a kansa. Kafin nan, manhajojin kyauta irin su Recuva da PhotoRec suna iya dawo da shi, kuma ba sai gwani ba.

A shekarar 2003, wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, sun fitar da sakamakon bincikensu kan tsofaffin faifan ajiya 158 da suka saya. Guda 129 suna aiki, amma 12 ne kacal aka share yadda ya kamata. A cikin sauran sun tsinci lambobin katin banki sama da 5,000, har da bayanan marasa lafiya.

To idan na yi wa faifan fomat fa?

Fomat iri biyu ne. Na gaggawa jerin sunayen kawai yake sabuntawa, bayanan suna kwance a ƙasa. Cikakken fomat kuwa, tun daga Windows Vista, yana bin faifan yana rubuta sifili a kansa. Shi ya sa yake cin sa'o'i.

Daga ina zan fara?

Ka fara kwashe abin da kake buƙata zuwa wani wuri, ka buɗe ka tabbatar ya kwafu, domin wannan aiki ba shi da gyara. Ka fita daga asusunka na imel da na ajiyar intanet. Sannan ka gano irin faifan da ke cikin kwamfutar, domin komai ya rataya ne a nan. HDD shi ne mai faranti da ke juyawa, yana adana bayanai da maganaɗisu. SSD ba shi da abin da ke motsi, ƙananan guntayen lantarki ne. A Windows, Task Manager yana nuna wanne kake da shi.

Na ji an ce sai an rubuta a kan HDD sau 35. Gaskiya ne?

Wannan adadi ya fito ne daga wata maƙala da masanin tsaron kwamfuta Peter Gutmann ya gabatar a 1996, kuma faifan wancan zamani yake nufi. Shi da kansa ya bayyana daga baya cewa na zamani ba sa buƙatar haka. Hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, a ƙa'idarta mai lamba 800-88, ta nuna cewa rubutu sau ɗaya a kan dukkan faifan ya wadatar. A ganina, tsoron wannan adadi ya hana mutane da dama yin komai, alhali zagaye ɗaya zai kare su. Manhajar DBAN ko ShredOS, da ake tayar da kwamfuta da su daga filashi, suna yin aikin. A Windows kuma akwai Reset this PC: ka zaɓi Remove everything, sannan ka kunna Clean data.

Me ya sa hanyar rubutu a kan faifai ba ta dace da SSD ba?

Saboda SSD yana rarraba rubutu a wurare daban-daban don kada sashe ɗaya ya riga sauran lalacewa, kuma yana da wani ɓoyayyen fili da manhaja ba ta kaiwa gare shi. Kana iya cika shi da sifili, tsohon bayani ya saura a lungu. Abin yi shi ne amfani da umarnin sharewa da ke cikin faifan kansa, wato Secure Erase ko Sanitize, ta manhajar kamfanin da ya ƙera shi, kamar Samsung Magician, ko ta BIOS na wasu kwamfutocin, wato shafin saituna da ake shiga kafin Windows ta tashi.

Wanda ya kulle faifansa tun farko da BitLocker na Windows ko FileVault na Mac, masu mayar da bayanai rubutun sirri da ba ya karantuwa sai da mabuɗi, ya huta, domin da zarar an lalata mabuɗin, abin da ya rage ba ya karantuwa. Da wannan dabara Erase All Content and Settings yake aiki a sababbin kwamfutocin Mac.

Kwamfutar ta mutu, ba ta ma tashi. Sai in jefar?

A'a. Sau da yawa faifan lafiyarsa ƙalau, wani zai ciro shi ya haɗa da tasa kwamfutar ya karanta. Ka ciro shi da kanka. In yana aiki, ka share shi ta wata kwamfutar. In ba ya aiki, ka lalata shi: HDD a huda farantinsa a wurare da dama, tare da sanya tabaran kariya, domin na laftof galibi gilashi ne mai tarwatsewa. SSD kuwa sai an farfasa kowane guntu da ke jikin allonsa, kuma maganaɗisu ba ya yi masa komai. Kada ka ƙona, hayaƙin guba ne. Ragowar a kai wa masu sarrafa sharar lantarki.

Yaya zan tabbatar aikin ya yi?

Ka haɗa faifan da wata kwamfutar, ka sa PhotoRec ta bincika shi tun daga farko har ƙarshe. Idan ta tono ko da hoto ɗaya naka, ka sake sharewa kafin faifan ya bar hannunka.