Tsofaffin Motocin Tseren Rali da Batun Asalinsu

Tsohuwar motar rali ita ce motar da aka ƙera ko aka gyara domin tsere a kan hanyoyin ƙasa, tsaunuka da rairayi, wadda zamanin gasarta ya wuce, ta koma hannun gidajen tarihi da masu tara motoci. Ƙungiyar FIVA ta masu tsofaffin motoci na duniya, da aka kafa a 1966, tana lissafa mota cikin na tarihi idan ta kai shekara 30, kuma ba da ita ake zirga-zirgar yau da kullum ba.

Damagaram ta daɗe da ganin irin waɗannan baƙi. Ayarin Citroën mai motoci takwas, da ya taso daga Aljeriya a watan Oktoba na 1924 don ratsa Afirka, ya yada zango a Zinder lokacin tana babban birnin Nijar a zamanin mulkin mallaka. Daga baya tseren Paris-Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara a ƙarshen 1978, ya mai da Agadas da hamadar Tenere filinsa. Porsche 959 ce ta lashe shi a 1986, shekarar da Sabine ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali. Peugeot ta karɓa daga 1987 zuwa 1990 da 205 T16 da 405 T16. Ita kuwa 504, wadda direbobin hanyar Kano suka san ciki da bayanta, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975.

Matsalar tantance asalin mota daga yanayin tseren kansa take fitowa. Ba a gama gasar hamada da mota lafiya lau. Inji kan ƙone a sauya shi da dare, jiki ya lanƙwashe a kawo sabo, wani lokaci ma kamfani ya cire lambar wannan mota ya liƙa wa waccan. Bayan shekaru sai wani ya tsinci jikin da aka yar ya gina mota a kansa, wani kuma yana riƙe da takardu da injin. Ga motoci biyu, kowace na iƙirarin ita ce ta yi nasarar. Motocin Rukunin B, wani ajin motocin rali masu ƙarfin gaske da aka hana su gasar duniya bayan 1986, sun fi jawo wannan rigima, domin guda 200 kawai doka ta nemi a ƙera na kowane samfuri, tsadarsu kuma ta sa ƴan jabu ba sa barci.

Masana kan bambanta motar da ba a taɓa ba, da wadda aka yi wa gyara da kayan zamaninta, da wadda aka sake ginawa a kan ragowar tsohuwa, da kwaikwayo zalla. Akwai kuma sababbi da kamfani ke ƙerawa bisa tsohon zane, kamar E-type shida marasa nauyi da Jaguar ta sanar a 2014. Ana duba lambar shasi da ta inji, salon walda, tsufan ƙarfe, hotunan gasa da jerin waɗanda suka mallake ta. Takardar da hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ke bayarwa don shiga gasar tsofaffin motoci tana shaida cewa ƙirar ta dace da zamaninta ne kawai, ba ta ce ita ce wadda ta yi tseren ba. Masu saye da yawa a nan suke ruɗewa, alhali kama da wane ba ta wane.

Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita a Landan aka yi ta a 1990, a kan wata Bentley da ta ci tseren Le Mans na Faransa a 1929 da 1930. An yi cinikinta fam miliyan 10, mai saye ya janye da cewa kusan komai nata an sauya. Alƙali ya ce ita ɗin ce, tunda tarihinta bai yanke ba, gyara bisa gyara. Wannan ma'auni ya fi dacewa da motar rali fiye da ƙidayar ƙusoshin asali.

A garejojin Zinder lissafin daban ne. Darajar tsohuwar Land Cruiser ko 504 a iya ɗaukar kayanta take, bakanike kuma zai dasa mata injin wata ba tare da ya rubuta ko'ina ba. Busasshiyar iskar yankin tana hana tsatsa cin jikin mota, amma takardun da za su nuna hannun da ta bi su ne ke fara ɓacewa. Tun 2021 Dakar, wanda ya koma Saudiyya a 2020, ya buɗe sashe na musamman ga tsofaffin motoci, inda ake gasar kiyaye lokaci maimakon gudu.