Tallafin 'Yan Mazan Jiya a Jihar Katsina

'Yan mazan jiya su ne sojojin ƙasa da na ruwa da na sama da suka tuɓe kaki, ko ta hanyar ritaya, ko sallama saboda rauni ko rashin lafiya. A Jihar Katsina, kamar sauran jihohin Najeriya, kula da su ya kasu gida uku: gwamnatin tarayya ke biyan fansho da kuɗin sallama da kuɗin magani, ƙungiyarsu ta Nigerian Legion ke tattara su tana magana da yawunsu, gwamnatin jiha kuma gudummawa take bayarwa, akasari ta hannun ƙungiyar. Tsarin mulkin 1999 ya sa harkar tsaro da sojoji cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, don haka hukumomin fansho na jiha ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi 34 suke biya, ba soja ba.

Tarihi

Aikin soja irin na bariki ya shigo ƙasar Hausa ne tare da Turawa. A 1897 aka ɗora wa Lugga kafa rundunar kan iyaka ta Afirka ta Yamma, kuma Hausawa na da yawa cikin waɗanda aka ɗauka, har Hausa ta zama harshen da ake ba da umarni da shi a bataliyoyin Najeriya. Daga nan aka samu Hausar bariki, da kalmomi irin su kurtu da kofur da saje da samanja.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, an kwashi samari daga Lardin Katsina ta hannun sarakuna da hakimai. Da yawansu sun yi yaƙi a ƙasar Bama (Myanmar ta yau) cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya kai wa sojojin Najeriya ziyara can a kusan ƙarshen yaƙin. Waɗanda suka dawo sun dawo da lambobin yabo da ɗan kuɗin sallama. Wasu En'e, hukumar mulkin gargajiya ta lokacin, ta ɗauke su ɗan doka ko masinja ko direba, saura suka koma gona. Rashin tsayayyen tsari na kula da su na cikin abin da ya haifar da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, har aka kafa Nigerian Legion da doka a 1964, aka sake fasalin dokar a 1988.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 shi ya sauya girman lamarin baki ɗaya. Rundunar da ba ta wuce kimanin mutum dubu 10 ba kafin yaƙin ta kumbura zuwa wajen dubu 250. An ɗauki mutane cikin gaggawa, wasu ba cikakken rajista, sannan aka yi ta rage su a shekarun 1970. Wasu daga cikin rigingimun takardu da suka daɗe ana fama da su daga nan suka samo tushe. Ƙasar Katsina da Daura ta ba da manyan hafsoshi a wannan zamani: Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Nagogo, wanda ya yi gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967 kafin ya zama hafsan hafsoshin sojan ƙasa, Shehu Musa 'Yar'aduwa, da Muhammadu Buhari na Daura, wanda aka yi jana'izarsa a garin a watan Yulin 2025. Ita kanta Jihar Katsina sai 23 ga Satumba 1987 aka cire ta daga Kaduna, wato ta gaji 'yan mazan jiyanta ne tun kafin a haife ta.

Rawar gwamnatin jiha

Shugaban ƙasa ne babban uban ƙungiyar Legion, gwamna kuma ubanta a jiha. Aikin jiha ya fi fitowa fili a bikin tunawa da 'yan mazan jiya. Da can ranar 11 ga Nuwamba ake yinsa, kamar sauran ƙasashe renon Ingila, daga baya aka mai da shi 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Makonni kafin ranar, gwamna ko wakilinsa kan ƙaddamar da tambarin tunawa, wani ɗan baje da ake maƙalawa a ƙirji. A wurin ake buɗe gidauniya: gwamnati ta faɗi abin da za ta bayar, ma'aikatu da ƙananan hukumomi da 'yan kasuwa su biyo baya. Kuɗin na naƙasassun sojoji ne da matan da aka mutu aka bari da marayu. Sai addu'a a masallacin Juma'a da coci, ranar kuma a yi fareti, a ajiye furanni, a saki fararen tattabaru. Alƙawarin da aka furta a taro ba ya zama kuɗi sai an rubuta takarda, an sa hannu, baitulmali ya saki, kuma a wannan tsakanin ne shugabannin ƙungiya a jihohi da dama suka fi kokawa.

Ban da biki, tallafin jiha kan zo a matsayin hatsi lokacin azumi, ko kuɗin tafiyar da ofis, ko ɗaukar 'yan sashen gadi na ƙungiyar su tsare ma'aikatu da makarantu. Wannan kyautatawa ce da ta dogara da gwamnatin da ke kai, ba haƙƙin da za a kai ƙara a kansa ba.

Fansho da kuɗin sallama

Hukumar Fanshon Soja, mai hedikwata a Dutsen Alhaji, Abuja, ita ke biya kai tsaye cikin asusun banki. Dokar fansho ta 2004 ta sa sojoji cikin tsarin adashen gata, amma gyaran 2011 ya fitar da su, dokar 2014 ta tabbatar da haka. Ke nan soja ba ya neman kuɗinsa wurin kamfanin fansho.

A jadawalin tsohon tsarin tarayya, shekara 5 na aiki ke ba da kuɗin sallama, shekara 10 ke ba da fansho. Mai shekara 10 na samun kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe a matsayin fansho, da kashi 100 na albashin shekara a matsayin sallama. Kowace shekara ta ƙara kashi 2 a fansho da kashi 8 a sallama, har zuwa shekara 35, inda ake tsayawa a kashi 80 da kashi 300. Sajen da ya yi shekara 22, misali, fanshonsa kashi 54 ne, sallamarsa kashi 196. Manyan janar-janar na da nasu tanadi daban. Sashe na 173 na tsarin mulki ya ce a sake duba fansho duk shekara 5, ko duk lokacin da aka ƙara albashi.

Tantancewa da inda ake tuntuɓe

Ana tantance 'yan fansho lokaci-lokaci don tabbatar da suna raye. An saba yi a barikoki, inda tsoho zai zo da takardar sallama, da lambar soja, da katin shaida, da lambar tantancewa ta banki (BVN) da lambar ɗan ƙasa (NIN), da bayanin asusun banki. A 'yan shekarun nan hukumar ta shigo da tantancewa ta waya.

Babbar matsala saɓanin suna ce. Sojojin da sun saba shiga aiki da sunan garinsu: takardar sallama ta ce Garba Daura, banki da katin ɗan ƙasa su ce Garba Abdullahi. Kwamfuta ba ta san mutum ɗaya ba ne, sai kuɗi ya tsaya. Gyaran yana buƙatar takardar rantsuwa daga kotu, a daidaita sunan a banki da ofishin katin ɗan ƙasa, sannan a rubuta wa hukumar. Haka ranar haihuwa, wadda da yawa ƙiyasta ta aka yi ranar ɗauka. Sauya banki ba tare da sanar da hukumar ba, ko barin asusu ya daskare, shi ma yana tsai da biya. Takardar sallama kuwa, gara ko ruwan sama sun cinye ta a gidaje da yawa, shi ya sa ake ajiye kwafi a wani wuri dabam.

Idan ɗan fansho ya rasu, sunan magajin da ya rubuta a fayil ake bi. Wanda ya rubuta wansa tun yana kurtu, bai sauya ba bayan ya yi aure ya haifi 'ya'ya, ya bar wa iyalinsa wahala. Wanda aka rubuta karɓa kawai yake yi a madadin magada, rabon kuma ga Musulmi na kotun shari'a ne ko malamai. Akan nemi takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da gado daga kotu.

Lafiya da sana'a

Kamfanin inshorar lafiya na ma'aikatar tsaro, DHML, ke biyan kuɗin maganin waɗanda suka yi rajista, a asibitocin soja da wasu na farar hula da aka amince da su. Rundunar sojan sama na da asibiti a Daura. Ƙananan sojoji masu shirin ritaya kan yi kwas na wata 6 a cibiyar koyon sana'a ta sojoji da ke Oshodi, Legas.

Taƙaddama

Tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar ma'aikatun kuɗi da tsaro a Abuja a 2022, da kuma ƙarshen 2024 zuwa farkon 2025, kan bashin ƙarin fansho da wasu alawus. Akwai kuma shawarar maye gurbin Legion da sabuwar tarayyar tsofaffin sojoji, wadda ra'ayi ya rabu a kanta.