Waiwaye: Gobarar Apollo 1 da ƙofar da ta ƙi buɗuwa

A ƙarshen watan Janairun kowace shekara, hukumar NASA ta Amurka kan keɓe rana domin tunawa da 'yan sama jannatinta da suka rasa rayukansu. Kumbon Challenger ya tarwatse ranar 28 ga Janairun 1986, Columbia kuma 1 ga Fabrairun 2003, kowanne da mutum bakwai. Amma tushen wannan makoki shi ne 27 ga Janairun 1967, ranar da Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee suka mutu, kumbonsu na Apollo 1 ko tashi bai yi ba.

Gwaji ne kawai ake yi a ƙasa, a Cape Kennedy da ke Florida, gabanin tashin da aka sa wa 21 ga Fabrairu. An cika ɗakin kumbon da suke ciki da zallar iskar oksijin, da matsin da ya zarce na waje, ga kayan nailan ko'ina. Da misalin ƙarfe 6:31 na yamma wuta ta tashi, ana kyautata zaton daga wayar lantarki ce. Ƙofar kuwa ta ciki take buɗewa. Da zafi ya ƙara matsin iskar sai ya danne ta, babu ƙarfin da zai iya janyo ta. Ma'aikata suka kutsa cikin hayaƙi, sai bayan kusan minti biyar suka buɗe. Kafin nan gurɓatacciyar iska ta riga ta shaƙe mutanen uku.

A ganina gaggawa ce ta ci su. Tun 1961 Shugaba Kennedy ya yi alkawarin kai mutum duniyar wata kafin 1970, Tarayyar Sobiyet kuma tana gaba a tseren. Abin da ya fi ciwo shi ne, makamanciyar wannan gobara ta kashe Valentin Bondarenko, wani mai koyon aikin sama jannati ɗan shekara 24, a wani ɗakin gwaji a Mosko cikin Maris 1961, amma Sobiyet ta rufe maganar har 1986.

Bayan bincike aka sake ƙofar ta koma buɗewa waje cikin daƙiƙoƙi, aka rage kayan da ke saurin kama wuta, aka riƙa gauraya oksijin da naitirojin kafin tashi. Sai Oktoban 1968 Apollo 7 ya ɗauki mutane. Ƙofar Apollo 1 kuwa ta yi shekara 50 a ajiye kafin a nuna wa jama'a ita a Cibiyar Sararin Samaniya ta Kennedy da ke Florida cikin 2017.